Fasta a Bakin Titi: Wa Zai Riƙe Almakashin?

A shekarar 2009 fim ɗin Quentin Tarantino mai suna Inglourious Basterds ya fita da hoton talla iri biyu. Wanda aka lilliƙa a biranen Amurka yana ɗauke da tambarin 'yan Nazi ɓaro-ɓaro. Wanda aka kai Jamus kuwa an goge masa tambarin, domin sashe na 86a na dokar laifuka ta ƙasar ya hana baje shi a bainar jama'a. A cikin fim ɗin kansa Jamusawa ba su taɓa tambarin ba, don dokar tasu ta yi wa aikin fasaha rangwame. Abin da suka ƙi shi ne mutum ya fito sayen burodi ya yi kiciɓis da shi a jikin bango. Ba'amurke zai ce tsoro ne kawai aka sa wa rigar doka. Bajamushe zai ce wanda aka kashe kakansa a sansanin gwale-gwale shi ma yana da haƙƙin bin titi hankali kwance.

An daɗe ana wannan gardama tsakanin Amurka da Turai, kuma a kan takardar talla ta fi fitowa fili. Fim sai ka biya, ka shiga, ka zauna. Fasta kuwa ita ke zuwa ta same ka, kai da yaron da kake riƙe da hannunsa.

Batun bai yi mana nisa ba a nan Kwoi, Kudancin Kaduna. Kowa ya san shagunan masu tura fina-finai a waya, da gidajen kallo masu janareta a bayan ɗaki da allo a bakin ƙofa, an rubuta wasan ƙwallon dare da alli, a ƙasa kuma sunan fim. Bangon irin wannan shago shi kansa abin kallo ne. Nan jarumin Amurka ne ba riga, da bindiga a kowane hannu. Kusa da shi fim ɗin Kudu ne, ga boka riƙe da ƙwarya cike da jini. Gefe guda 'yan Kannywood sun jeru cikin shadda da mayafi. Can sama kuma ragowar hoton wani ɗan takara ne da ruwan sama ya cinye rabin fuskarsa, an liƙa sanarwar taron farkawa na coci a kan sauran rabin. Ta gaban wannan bango 'yan firamare ke wucewa safe da rana.

Na taɓa jin wani tsohon hedimasta ya tsaya a ƙofar irin wannan shago ya ce wa saurayin da ke ciki, "Ɗana, wannan hoto mai jini ba za ka mayar da shi ciki ba? Jikokina ta nan suke bi." Saurayin ya miƙe, ya zare abin sauraro daga kunnensa, ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Fim ɗin ma ba haka yake ba, sau ɗaya jinin ya fito. Amma in na cire, wancan na gaba bai cire nasa ba, wurinsa za su koma." Tsohon ya ce, "To ashe ƙarya kake tallatawa." Saurayin ya sosa ƙeya yana murmushi, ya ce, "Baba, ko masu citta ai mai kyau suke zubawa a saman buhu." Tsohon ya girgiza kai ya wuce, hoton kuma ya kwana a wurinsa. Tambayar da suka bari a tsaye ita ce ko akwai wanda ya kamata a ba ikon tilasta wa saurayin nan, kuma in akwai, wane ne.

Masu ra'ayin Amurka daga rashin yarda da gwamnati suke farawa. Gyaran farko na kundin tsarin mulkinsu, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana majalisa yin dokar da za ta tauye 'yancin magana ko na jarida. Fim bai samu shiga wannan inuwa da wuri ba. A 1915 Kotun Ƙoli ta ce nuna fim kasuwanci ne zalla, jihohi na iya tace shi yadda suka ga dama, kuma sun yi ta yi. Sai a 1952 aka kai mata ƙarar wani gajeren fim na daraktan Italiya Roberto Rossellini mai suna The Miracle, wanda jihar New York ta janye wa lasisi bisa zargin saɓo bayan shugabannin Katolika sun tayar da ƙura. Kotun ta warware hukuncinta na da, ta ce fim ma magana ce, kuma ba aikin gwamnati ba ne ta kare wani addini daga ra'ayin da bai yi masa daɗi ba. Daga nan hukumomin tace fim na jihohi suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ta ƙarshe, ta jihar Maryland, ta rufe a 1981.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce almakashi ba ya yanka da kansa, wani ne ke riƙe da shi, kuma mai riƙon yana da addini, yana da ƙabila, yana da jam'iyya. Daga Turai ɗin ma suke ɗauko misali. A 1985 hukumomi a birnin Innsbruck na Ostiriya suka ƙwace wani fim mai yi wa addinin Kirista ba'a tun kafin a haska shi, alhali wata ƙaramar ƙungiya ce za ta nuna wa waɗanda suka sayi tikiti da kansu. A 1994 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce ba a yi laifi ba, kuma cikin dalilan da ta kawo har da cewa mafi rinjayen mutanen yankin Tyrol 'yan Katolika ne. Mutumin Kudancin Kaduna ba ya buƙatar a yi masa tafsirin wannan dalili. In yawan jama'a ne ma'aunin abin da ya halatta a gani, to Ham da Bajju da Atyap sun san gefen da suke a sikelin jiha, kamar yadda Bahaushe ko Bafulatanin da ke zaune a Kwoi ya san gefen da yake a sikelin gari. Kowannenmu mai rinjaye ne a wani wuri, ɗan tsiraru a wani. Rawar da maza da mata ke yi a fili ɗaya ranar bikin Tuk Ham, a gaban sarkinmu Kpop Ham da manyan baƙi, ba wanda ke ganin aibunta a nan. Ɗauki hoton wannan rawa ka sa a fastar fim ka kai Kano, inda rawar namiji da mace a fim ta daɗe tana haddasa rigima, ka ga ko za a ƙare lafiya.

Kuma ba sai mun je Tyrol ba, muna da namu tarihin. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001. A 2007, bayan wani abin kunya da ya girgiza Kannywood, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabance ta, aka shiga shekarun kame da kotun tafi-da-gidanka. A wannan shekarar aka ɗaure Adam A. Zango saboda faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. A ƙarshen 2008 aka ɗaure Hamisu Lamido Iyan-Tama bisa zargin sakin fim ɗinsa Tsintsiya ba da izinin hukumar ba. Abin lura shi ne Tsintsiya fim ne na kiran zaman lafiya tsakanin ƙabilu da addinai, har ofishin jakadancin Amurka ya tallafa wa aikin. A matakin tarayya kuma, hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ta riƙe Half of a Yellow Sun na tsawon watanni a 2014 saboda ya taɓo yaƙin basasa, har sai da aka gama kallonsa a ƙasashen waje kafin 'yan ƙasar da abin ya faru a kansu su gani a silima.

Misalin da ya fi tayar mini da hankali ma a jiharmu ya faru, kuma kan takardar talla ne tsagwaronta. A ƙarshen Disambar 2020 wani hoto ya yaɗu a kafafen sada zumunta yana tallar wani bikin baɗala da aka ce za a yi a Kaduna. Cikin 'yan kwanaki hukumar tsara birane ta jihar, KASUPDA, ta kai katafila ta rushe wani gidan cin abinci a Sabon Tasha da aka danganta da bikin. Masu wurin sun musanta cewa suna da hannu, daga baya kuma aka ji hukuma na cewa matsalar izinin gini ce. Ko wane ne mai gaskiya, ginin ya riga ya zama ƙasa kafin wani alƙali ya saurari kowa. Wanda ya ga wannan ya ce ya fi son tsarin Amurka, ba zan ce ya yi wauta ba.

Suna ƙarawa da cewa hani kansa talla ne. Da Norway ta hana fim ɗin barkwanci na Ingila Life of Brian, wanda ya fito a 1979, sai masu tallarsa a maƙwabciyarta Sweden suka mayar da hanin abin tinƙaho, suna shelanta cewa fim ɗin ya kai ban dariyar da har Norway ta haramta shi. Duk ɗan kasuwar fim ya san wannan sirri, daga Stockholm har Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano.

Sai dai wanda ya girma tsakanin Kwoi da Kafanchan ba zai iya haɗiye hujjar Amurka ɗungurungum ba. A watan Maris na 1987 wa'azi ne a harabar Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya zama gardama, gardama ta zama faɗa, cikin kwanaki wutar ta kai Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, aka ƙone wuraren ibada, aka rasa rayuka. A Nuwambar 2002 jimla guda a wani sharhin jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ta zama sanadin mutuwar mutum sama da 200 a Kaduna. Ni dai a wurina wanda ya ɗauki adda shi ya yi kisa, kuma babu rubutun da ya halatta jinin kowa. Amma masu ra'ayin Turai suna cewa gwamnatin da za ta kwashe gawarwaki ba za a ce mata ta naɗe hannu ba har sai an fara kwasa. Su ma da gawarwaki suka koyi darasinsu. Fastocin farfagandar 'yan Nazi da fina-finansu sun riga sansanonin kisa zuwa, shi ya sa sashe na 10 na Yarjejeniyar Turai kan Haƙƙin Ɗan Adam ta 1950, bayan ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki, nan take ya biyo da sakin layi na biyu mai cewa 'yancin yana tafe da nauyi, kuma doka na iya taƙaita shi don tsaro, da zaman lafiya, da tarbiyya, da haƙƙin wasu.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne wannan tsari muka gada, kuma ta dalilin ƙananan ƙabilu irin namu ya shigo. Kwamitin Willink, wanda Turawan mulki suka kafa a 1957 don ya binciki fargabar ƙananan ƙabilu, bai amince a ƙirƙiro sababbin jihohi ba. A madadin haka ya ba da shawarar a sa jerin haƙƙoƙin ɗan adam cikin tsarin mulki, aka kuwa kwaikwayo su daga waccan yarjejeniya ta Turai. Har yau in ka buɗe kundin 1999 za ka ga sashe na 39 ya ba ka baki, sashe na 45 kuma ya bar wa gwamnati ƙofar taƙaita shi saboda tsaro ko zaman lafiya ko tarbiyyar jama'a. Wato a takarda mu 'yan gidan Turai ne. Abin da ba mu gada ba shi ne kotunan da ke sa gwamnati ta yi gumi kafin ta bi ta wannan ƙofa.

A 2012 an ga iyakar tsarin Amurka a kan talla ƙiri-ƙiri. Abin da ya tayar da duniya a watan Satumba na shekarar ba cikakken fim ba ne, guntun somin-taɓi ne na kimanin minti 14 da aka ɗora a YouTube, na wani abu mai suna Innocence of Muslims da aka shirya da gangan don cin mutuncin Musulunci. Dubban mutane suka fito zanga-zanga a Kano, a wasu ƙasashe kuma aka rasa rayuka. Gwamnatin Amurka ta yi Allah wadai da shi, amma ta ce tsarin mulkinta bai ba ta ikon hana shi ba. A irin waɗannan ranaku mu da ke zaune a garuruwan da coci da masallaci ke kallon juna mu ne ke kwana da ido ɗaya, alhali wanda ya kunna wutar yana can California.

Turawa suna da wata hujja ta biyu da ba a cika kawowa ba, kuma ni ta fi burge ni. Suna cewa in aka bar fage a buɗe ba ƙa'ida, mai babbar murya ne kaɗai za a ji. Shekaru da dama, har zuwa 2020, Faransa ta hana tallar fina-finan silima a talabijin. Ba don batsa ba ne ko tashin hankali. Lissafinsu shi ne kamfanonin Hollywood kaɗai ke da kuɗin sayen lokacin talla mai tsada, in aka buɗe ƙofar za su danne ƙananan fina-finan gida. Tun 1948 kuma suke cire wani kaso daga kuɗin kowane tikitin silima, har da na fina-finan Amurka, suna zuba shi a asusun shirya fina-finan Faransa. Ba'amurke na kallon wannan a matsayin katsalandan. Amma a tambayi matashin da ya haɗa kuɗi da ƙyar ya ɗauki bidiyon waƙar bishara ko ɗan gajeren wasa da harshenmu na Hyam, ya zo ya tarar bangon shago ya cika da Hollywood da Nollywood da fina-finan Indiya masu fassarar Hausa. Babu dokar da ta hana shi magana. Wurin liƙa takardarsa ne babu.

Hujja ta uku ita ce Amurka ba ta rabu da almakashi ba, hannu kawai ya sauya. Tun 1968 ƙungiyar manyan kamfanonin fim ce ke raba fina-finai gwargwadon shekarun masu kallo, kuma duk fim ɗin da ya karɓi tambarinta sai ya kai mata hotunan tallarsa da somin-taɓinsa ta duba kafin a fitar. Ba gwamnati ba ce, ba zaɓenta aka yi ba, kuma ba ka da kotun da za ka kai ta ƙara da sunan an tauye maka 'yancin magana. Kana iya ƙin zuwa wurinta, amma yawancin manyan gidajen silima ba za su ɗauki fim ɗinka ba. A 2006 ta ƙi amincewa da fastar The Road to Guantánamo, fim ɗin Ingila kan fursunonin da Amurka ke tsare da su, saboda an nuna mutum da buhu a kai an ɗaure hannuwansa sama. Ta ce hoton bai dace da idon yara ba. A 2014 ta mayar da fastar Sin City: A Dame to Kill For saboda rigar jarumar Faransa Eva Green ta yi shara-shara. Bindigar da ke hannun jarumar a hoton kuwa ba ita ce matsalar ba. The King's Speech na 2010, labarin sarkin Ingila mai in'ina, an sa masa tambarin da ya hana ɗan ƙasa da shekara 17 shiga sai da babba, saboda 'yan ashar da sarkin ya zuba a wurin koyon magana, alhali a Ingila ɗan shekara 12 na iya shiga shi kaɗai. Can kuma a Ingila hukumar sa ido kan tallace-tallace ta hana wasu hotunan tallar fim ɗin Wanted a 2008 don ta ga suna ƙawata bindiga. Kowane gefe da abin da yake tsoro: Amurka jikin mace da baƙar kalma, Turai makami da tambarin ƙiyayya.

Mu ma mun ɗanɗana almakashin 'yan kasuwa. A Oktoban 2016 ba gwamnati ce ta kori Rahama Sadau daga Kannywood ba, ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ce, saboda ta rungumi mawaƙi ClassiQ a bidiyon waƙa. Ba a kai ta kotu ba, ba a karanta mata sashen dokar da ta karya ba. Wanda ke cewa a bar masana'anta ta tsaftace kanta ya kamata ya tuna cewa ƙungiya ma tana jin tsoron malamai da kasuwa, kuma a kan mata tsoron ya fi sauka.

Ba zan bar Turawa su tafi da hula a karkace ba. Doka in ta shiga hannun ma'aikacin da ke tsoron laifi, abin dariya take zama. Faransa ta yi dokar hana tallar taba a 1991, kuma dokar ta yi amfani. Amma a 2009 kamfanin da ke kula da allunan talla a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Paris ya ƙi karɓar fastar fim ɗin rayuwar Coco Chanel saboda jarumar na riƙe da sigari, alhali ita Chanel ɗin da sigari duniya ta san ta. A shekarar ce kuma aka goge lofen da ke bakin shahararren ɗan wasan barkwanci Jacques Tati a hoton tallar baje kolin ayyukansa, aka maye shi da farfelar wasan yara. Faransawa da kansu suka yi ta tsokanar abin. Ga kuma wani abin da dokokinsu ba su hango ba: a ƙarshen 2013 masu rarraba 12 Years a Slave a Italiya suka cika fasta da fuskar Brad Pitt, wanda fitowarsa a fim ɗin ba ta taka kara ta karya ba, suka maƙale Chiwetel Ejiofor, jarumin fim ɗin kuma ɗan asalin Nijeriya, a ɗan lungu. Surutun jama'a ne ya sa aka janye ta aka ba da haƙuri.

Labarin da ya fi rikita lissafin kowa shi ne na Mignonnes, fim ɗin Maïmouna Doucouré, Bafaranshiya 'yar asalin Senegal. Ta shirya shi ne don ta soki yadda intanet ke tura 'yan mata ƙanana kwaikwayon rawar manya, kuma ta samu kyautar darakta a bikin Sundance a farkon 2020. Fastar Faransa ta nuna yaran suna tsalle a titi da jakunkunan sayayya. Da Netflix ya saye shi, sai ya fitar da wata fasta da ta tsayar da yaran cikin kayan rawa a irin tsayuwar da fim ɗin ke suka. Amurka ta ɗauki zafi, kamfanin ya nemi afuwa a watan Agusta, ita kuma daraktar, wadda ta ce ba ta ma ga hoton ba kafin a sake shi, ta sha barazanar kisa. Kasuwa ce ta zaɓi hoton don ya ja ido, jama'ar wannan kasuwa kuma suka far wa matar da ba ta zaɓa ba, yawancinsu ba su kalli fim ɗin ba.

To ina na tsaya? A kan fim ɗin kansa na fi karkata ga Amurka ta bayan 1952. Baligin da ya biya kuɗinsa ya zauna a ɗakinsa, a rubuta masa shekarun da fim ya dace da su da abin da ke ciki, a ƙyale shi. Duk hukumar da aka ba ikon hana fim gaba ɗaya a ƙasar nan, tarihi ya nuna wanda ya taɓa mai mulki ko ya taɓo tsohon ciwo take fara kamawa. A kan bango kuwa ina tare da tsohon hedimastan nan da Jamusawa. Titi na kowa ne, kuma yaron da ke tafiya makaranta bai sayi tikiti ba. Ikon ma yana nan a rubuce: jadawali na huɗu na kundin 1999 ya lissafa kula da tallace-tallacen waje cikin ayyukan ƙananan hukumomi, wato ƙaramar hukumarmu ta Jaba ba ta buƙatar jiran Abuja. Amma sai in ƙa'idar gajeriya ce, a rubuce, kowa na iya karantawa: jini, tsiraici, da hoton da ke zagin wani addini ko ƙabila su koma cikin shago. Ta hau kan mai fim da ɗan siyasa da mai wa'azi daidai wa daida, don sanarwar taron addini ma takan zo da hoton da ya fi na boka tayar da hankali. Hukuncinta ya tsaya a cire takarda, ba katafila ba gidan yari, kuma wanda bai yarda ba ya samu alƙalin da zai saurare shi. Ina faɗin haka ina sane da cewa a ƙasar nan ƙa'ida irin wannan takan rikiɗe ta zama rasit a hannun 'yan karɓar haraji. Shi ya sa in masu shagunan gari za su haɗu su yarda a tsakaninsu, yadda na gaba ba zai ci ribar kunyar na baya ba, zan fi son haka da zuwan jami'i.

Sai dai bangon da muke ta gardama a kansa ya fara tsufa. Fastar yau ita ce ɗan hoton da ke saman bidiyo a YouTube, da daƙiƙoƙin farko na TikTok, da abin da Facebook ya ga dama ya turo wa yaro a wayar yayarsa. Masu shirya fina-finan Hausa da na Kudu masu dogon zango duk can suka koma, kuma sun gane cewa hoton mace tana kuka ko namiji ya ɗaga hannu zai mare ta ya fi jawo dannawa. Ƙa'idar da ke mulkin wannan fage kamfanoni ne suka rubuta ta a ƙasashensu, da ma'aunin abin da ke ba su kunya, kuma da wuya a ce suna da masu jin harsunanmu irin su Hyam ko Jju da za su gane lokacin da magana ta zama kiran faɗa. Tarayyar Turai ta yi dokar ayyukan intanet a 2022 wadda ta ba ta ikon cin manyan kamfanonin nan tara har kashi 6 cikin ɗari na cinikinsu na duniya, kuma suna sauraronta don kasuwarta ta fi ƙarfin a yi fushi da ita. Hukumar tace fina-finai ta Nijeriya ta sanar a 2024 da ƙa'idojin hana ƙawata shan taba da tsafin neman kuɗi a fim da bidiyon waƙa, amma hannunta bai kai inda yawancin masu kallo suke ba. Lokacin da gwamnatin tarayya ta gwada ƙarfinta a kan ɗaya daga cikin kamfanonin, a watan Yunin 2021, ba don kare yara ba ne. Twitter ne ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, sai aka rufe shi baki ɗaya har Janairun 2022, masu ƙananan sana'o'i da ke talla a can suka yi asara, matasa kuma suka koyi zagayawa ta VPN cikin mako guda.